Cigiyar kyanwa a Birmingham: ta ɓace daren wasan wuta, kuma cif ɗinta ba da sunana yake ba

Ummu Khalil

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san tsarin ƙasar nan. Kyanwarmu ta ɓace tun daren 5 ga Nuwamba, yau kwana uku ke nan. A Birmingham muke, cikin irin gidajen nan da ke jere manne da juna, kowane da ɗan lambunsa ta baya. An bar ƙofar kicin a buɗe ana tsaka da harba tartsatsin wuta a unguwa, ta firgita ta fice. Mace ce, shekararta biyu, an cire mata mahaifa, kuma ba ta taɓa kwana a waje ba, iyakarta bakin taga. Babu komai a wuyanta.

Wata baiwar Allah da ta tashi daga garin ce ta ba mu ita bara. Ta ce an saka mata maikurocif, 'yar na'urar shaida da ake cusawa ƙarƙashin fata, tun tana 'yar ƙarama, sai dai ban sauya sunan ya dawo nawa ba, ko lambar ma ban sani ba. Sau ɗaya na kai ta asibitin dabbobi aka yi mata rigakafi.

Abin da nake so in sani: ana iya bin sawunta ta wannan cif ɗin a ga inda take? Wa zan kira, 'yan sanda ko ƙaramar hukuma? In wani ya tsince ta ya kai gidan ajiye dabbobi, kwana nawa za su riƙe ta kafin su ba wani, kuma da me zan nuna tawa ce tunda sunan wata ne a rajista? Yara sun ƙi cin abinci, kullum suna leƙen taga. Allah ya saka da alheri.

Dakta Hadiza

Wa alaikumus salam Maman Khalil. Allah ya bayyana ta. Kwana uku ba wani abin fid da rai ba ne ga kyanwar da tsoro ya kora, amma akwai aikin da ya kamata ki gama yau kafin a rufe ofisoshi.

Cif ba ya nuna inda dabba take. Ƙwaya ce kamar ta shinkafa, tsawonta wajen milimita 12, ana cusa ta da allura ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu biyu. Ba batir a cikinta, ba ta aika saƙo ko'ina. Sai an kawo na'urar karantawa dab da jikin dabbar, nisan 'yan santimita, sannan na'urar ta ba ta ɗan ƙarfin da za ta fitar da abin da ke cikinta. Abin da ke cikin kuwa lamba ce kawai mai alƙaluma 15. Ba suna, ba adireshi, ba lambar waya. Duk waɗannan suna can a kundin kamfanin rajista. Wanda ya karanta lambar zai nemi kamfanin, kamfanin ya ba shi bayanan wanda aka rubuta. A halin da ake ciki, in yau aka kai kyanwarki asibiti aka karanta, wayar waccan baiwar Allah za a buga. In ta sauya layi bayan ta tashi, an zo ƙarshen hanya ke nan.

Wannan shi ne ramin da aka fi faɗawa. A 2009 an buga wani bincike daga jami'ar jihar Ohio a Amurka, wanda ya duba dabbobi sama da 7,000 a gidajen ajiya 53. Kyanwoyin da ba su da cif, ƙasa da biyu cikin ɗari ne suka koma hannun masu su. Masu cif, wajen 38 cikin ɗari. Bambancin babba ne, amma ki lura ko masu cif ɗin ma da yawa ba su koma ba, kuma babban dalilin shi ne lambar wayar da ke rajista ta mutu ko ba daidai ba ce.

Ga yadda za ki samo lambar. Buɗe katin rigakafinta, sau da yawa akwai 'yar takarda mai zane-zanen layi manne a shafin farko, lambar na ƙasanta. In babu, kira asibitin da kika kai ta. Yawancin asibitoci suna karanta cif a zuwan farko su rubuta a fayil, kuma za su faɗa miki tunda fayil ɗin da sunanki yake. In kina biyan inshora, duba takardar. In duk ba a dace ba, sai tsohuwar mai ita, ko asibitin da ya saka mata tun farko.

Da kin samu lambar, ki shigar da ita a shafin Check-a-Chip. Ba zai nuna miki sunan kowa ba, zai dai faɗa miki kamfanin da ke riƙe da rajistar. Wannan matakin ya zama dole ne saboda Ingila ba ta da kundi guda na ƙasa. Kamfanonin da Defra, ma'aikatar muhalli da abinci da harkokin karkara, ta amince da su sun haura ashirin, irin su Petlog da Identibase da Animal Tracker. Ki kira kamfanin ta waya, kar ki tsaya ga imel. Ki roƙi abu biyu: a sa alamar "ta ɓata" a kan lambar, sannan a rubuta lambar wayarki a matsayin wadda za a tuntuɓa. Alamar ɓata tana da amfani biyu. Duk likitan da ya duba lambar zai ga ana cigiya, kuma in wani ya nemi mayar da rajistar sunansa, kamfanin zai ga alamar kafin ya amince.

Sauya suna gaba ɗaya ya fi sauri in tsohuwar mai ita ta shiga asusunta ta fitar da lambar miƙawa ta turo miki. Aikin 'yan mintuna ne, kuɗin da za ki biya ba shi da yawa. In ba a same ta ba, kamfanin zai nemi hujjoji daga gare ki, ya yi ƙoƙarin tuntuɓarta, ya jira wa'adinsa, abin na iya ɗaukar makonni. Shi ya sa na ce ki nemi a sa alamar da lambar wayar tukuna, kar su jira kammala sauyin.

Hattara da shafukan da ke fitowa a saman sakamakon Google suna tallar rajistar cif. Wasu ba sa cikin jerin da gwamnati ta amince da shi, za su karɓi kuɗinki, kuma likitan da ya karanta cif ba zai taɓa ganin bayananki a can ba. Ki tantance sunan kamfani da jerin da ke shafin gwamnati kafin ki biya ko kwabo.

Game da doka, kar tsoro ya hana ki kira. Gaskiya ne tun 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a Ingila duk kyanwa ta kasance da cif kafin ta cika mako 20, kuma alhakin mai riƙe da ita ne bayanan su zama na yanzu. Tarar na kaiwa fam 500, amma ba ta hawa kai tsaye, sai an ba mutum takardar gargaɗi ta kwana 21 ya ƙi gyarawa.

Malam Sabo

Hajiya, ki bi abin da Dakta ta faɗa da rana, amma da dare aikin ƙafa ne. Cif sai an tsince ta yake aiki, kuma kyanwa irin taki ba ta bari a gan ta balle a tsince ta.

Kyanwar da ta tashi a ɗaka, in ta fita a firgice, ba tafiya take yi ba. Rami mafi kusa take faɗawa ta laɓe. Wani bincike na jami'ar Queensland da aka buga a 2018, kan kyanwoyi sama da 1,000 da suka ɓata, ya nuna kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gano suna cikin mita 500 daga inda suka fice, kuma 'yan ɗaka sun fi kowa tsayawa kusa. Saboda haka ki daina zagaya unguwanni da mota. Ki ɗauki gidaje biyar ta dama, biyar ta hagu, da na layin da ke bayanku waɗanda lambunansu ke haɗe da naku. A nan za ki zuba ƙarfinki.

Kar ki ce wa maƙwabci "don Allah ka duba mini ɗakin shirginka". Zai buɗe ƙofa, ya leƙa, ya ce babu, kuma da gaskiyarsa. Ki roƙi ya bar ki ki shiga da kanki, ko maigidanki ya shiga, da tocila mai ƙarfi ko da rana ce. Ki durƙusa ki haska ƙasa-ƙasa, idonta ne zai yi ƙyalli ya tona ta. Wuraren dubawa: ƙarƙashin ɗakin shirgi inda aka ɗora shi a kan bulo, ƙarƙashin daɓen katako na lambu, ratar da ke tsakanin shinge da bango, bayan bola, cikin tarin katako ko tsofaffin kujeru, gareji, gidan da ake gyara, da ƙaramin lungun nan da ke bi ta bayan gidaje. Ki tambayi wanda ya buɗe ɗakin shirginsa ranar 5 ko 6 ga wata ya kulle, domin masu ɗauko kayan wasan wuta kan bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, kyanwa ta shige, a kulle da ita. Da sanyin nan kuma suna hawa cikin injin mota ta ƙasa don ɗumi. Ki roƙi masu motocin layin su bubbuga murfin injin kafin su tayar.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne shirunta. Za ki tsaya taku biyu daga inda take, ki kira sunanta, ta ji ki sarai, ta ƙi amsawa. Ɗabi'arsu ce in sun tsorata, kar kuka ya jawo musu abin da zai cinye su. Sai yunwa da ƙishirwa sun rinjayi tsoro take motsawa, kuma hakan na iya kai mako ɗaya ko fiye. Don haka wurin da kika duba jiya ba a soke shi ba, ki sake dubawa jibi.

Lokaci mafi kyau shi ne tsakar dare zuwa bayan sallar asuba, sa'ad da motoci suka ɗauke. Mutum ɗaya ko biyu da ta sani, ban da ayarin yara. Ki yi magana da muryar da kike kiranta cin abinci, ki kaɗa kwalin abincinta, sannan ki yi shiru na minti biyu ko uku kina saurare. Yawanci nan ake kuskure, ana ta kira ba a tsayawa a ji amsa. Ki riƙa kira kina dawowa wajen gida, kar ki yi kina nisa da shi, don kar ki ja ta waje. In kin gan ta, ki zauna a ƙasa, kar ki zuba mata ido, kar ki bi ta da gudu. Bi ɗaya zai iya tura ta layin da ba ta sani ba.

A ƙofar da ta fita ki ajiye kwali da bargon da take kwana a kai da rigar da kika sa ba a wanke ba, a inda ruwa ba zai taɓa ba. Abinci mai ƙamshi, kifin gwangwani da aka ɗan ɗumama, cokali biyu kacal, a lokaci ɗaya kullum bayan magariba, ga ruwa a gefe. Ki sani diloli da muzuran unguwa za su ci, don haka ganin kwano wayam ba hujja ba ne. Ki sa kyamarar ƙofa ko tsohuwar waya tana ɗaukar wurin, ki kuma roƙi maƙwabta masu kyamara su duba hotunan tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa biyar na dare. Tiren yashin da take bahaya a ciki kuwa, da yawa za su ce ki fitar da shi. Ni ban goyi baya ba. Warin na jawo muzurun da ke mulkin layin, ya zo ya yi fitsari ya tsare ƙofar, ita kuma ta ƙara maƙalewa.

In kyamara ta nuna ta amma ba ta yarda ta matso ba, sai tarko. Keji ne na waya mai faranti a ƙasa, in ta taka ƙofa ta rufe. Rassan Cats Protection da ƙananan ƙungiyoyin ceto kan ba da aro, wani lokaci da kuɗin ajiya. Dare ɗaya ko biyu ki ɗaure ƙofar a buɗe ta saba cin abinci a ciki, sannan ki ɗana. Kar ki ɗana ki je ki kwanta, ki duba duk bayan awa ɗaya saboda sanyi. Tana shiga ki rufa masa tawul, kar ki buɗe sai cikin ɗaki da ƙofa a rufe.

Ummu Khalil

Allah ya saka muku da alheri, Dakta da Malam. Asibitin sun ba ni lambar, na kuma gano kamfanin. Sun sa alamar ɓata, sun rubuta wayata, amma sun ce sauya suna sai sun ji daga waccan, na tura mata saƙo ina jira. Mun shiga lambuna huɗu jiya da dare. Saura batun gidajen ajiya, har yanzu ban san ta inda zan fara ba.

Anti Rabi

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Abin da za ki fara riƙewa shi ne a Ingila babu hukumar da doka ta ɗora wa tattara ɓatattun kyanwoyi. Kare ne ke da jami'i a ƙaramar hukuma. Kyanwa doka ta ɗauke ta a matsayin mai yawo, ganinta a titi ba ya nufin ta ɓata. 'Yan sanda ba su da hannu sai in sata ce. Wannan na nufin babu ofishi ɗaya da za ki kira ki huta, ke za ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da asibitocin dabbobi, domin wanda ya tsinci kyanwa can yake fara kai ta a karanta cif, kuma yawancinsu kyauta suke karantawa. Ki kira duk waɗanda ke cikin mil uku zuwa biyar, har da na ƙungiyar agaji ta PDSA, har da masu aikin dare irin su Vets Now, saboda dabbar da mota ta buge da tsakar dare can ake kai ta. Sai cibiyar ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA da ke Frankley, da cibiyar Cats Protection ta Birmingham da rassanta na sa-kai, da Blue Cross, da ƙananan ƙungiyoyin da mata ke gudanarwa daga gidajensu, waɗanda galibi a Facebook kaɗai ake samunsu. RSPCA ba ta zuwa ɗaukar kyanwa mai lafiya, sai mai rauni ko mara lafiya, to in taki na hannunsu akwai yiwuwar ta ji ciwo. Kar ki tsaya a iyakar birni. Mai tsintuwa na iya kai ta kusa da wurin aikinsa a Solihull ko Sandwell.

Kowa ki ba shi lambar cif da hoto biyu, na fuska da na jiki gaba ɗaya. Kwatance da baki ba ya wadatarwa, abin da kika kira toka-toka wani zai rubuta shi mai zane. Ki riƙe littafi: wa kika kira, ranar, sunan wanda ya amsa. Ki sake kira duk bayan kwana biyu ko uku, domin masu aikin sa-kai suna canjin hannu, saƙon Litinin ba lallai ya kai ga mai aikin Alhamis ba. In aka ce akwai mai kama da ita amma ba a ga cif ba, ki je da ƙafarki. Cif na iya gangarowa daga kafaɗa zuwa ƙirji ko gefen ƙafa, kuma kyanwa mai fisge-fisge ba a cika karanta ta da kyau ba. Ki roƙi a sake bin dukkan jiki da na'urar a hankali.

Wa'adin riƙewa: ga kyanwa babu kwanakin da doka ta yanka. Kowace ƙungiya da tsarinta, wasu mako ɗaya, wasu biyu, suna cigiya kafin su nema mata sabon gida. Mai cif da alamar ɓata ba za a ba da ita haka nan ba, shi ya sa abin da kika yi jiya ya fi komai muhimmanci.

Ranar karɓa, ki san cewa cif ba shi ne shaidar mallaka ba a idon doka, yana nuna wanda aka rubuta a matsayin mai riƙewa ne kawai. Wannan ya yi miki daɗi a nan. Ki haɗa fayil tun yanzu: bayanan asibiti da sunanki da lambar cif a jiki, rasit ɗin rigakafi, saƙonnin da kuka yi da matar lokacin da ta ba ki ita, hotunan kyanwar a cikin gidanki masu kwanan wata tun bara, da imel ɗin kamfanin rajista. Saƙon da ta ce "na ba ki ita" ya fi duk sauran nauyi, ki ɗauki hotonsa ki adana. Ki tafi da katin shaidarki, da takarda mai adireshinki, da kejin ɗauka mai ƙofa mai ƙarfi, ba za su miƙa miki ita a hannu ba. In an yi mata magani, ki sa ran za a nemi ki biya.

Akwai kira ɗaya mai ɗaci, amma ki yi shi. Sashen share tituna na ƙaramar hukuma ne ke kwashe dabbobin da mota ta kashe. Dokar hanya ta 1988 ta wajabta wa direba ya kai rahoto in ya buge kare, ba ta ambaci kyanwa ba. Kuma ba kowace ƙaramar hukuma ke karanta cif ba kafin ta kawar da gawa. Ki ba su ranar da layukan da ke kewaye da ku, ki tambaya ko suna ajiye bayanin abin da suka ɗauka.

Takardar cigiya: hoto babba mai launi, kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, sunan layi, lambar waya. Ki saka ta cikin ledar fayil bakin na kallon ƙasa don ruwan sama. Ƙananan kwafi ki zura ta ramin wasiƙa na kowane gida a layinku da biyu na kusa, wannan ya fi na jikin fal-waya aiki. Ki kai masallaci da shagunan unguwa, ki ba mai kawo wasiƙa ɗaya. Ki sa a manhajar maƙwabta ta Nextdoor da zaurukan unguwa, ki kuma yi rajista a shafin cigiyar dabbobi na Animal Search UK, kyauta ne. A ciki ki roƙi duk mai ciyar da wata sabuwar kyanwa ya sanar da ke. Sau da yawa ba ta ɓata ba, wani mai tausayi ne ya buɗe mata ƙofa ya ɗauka marainiya ce.

Alhaji Ɗanjuma

Ƙari biyu a kan na Hajiya Rabi.

Da kin baza lambar wayarki, 'yan damfara za su kira. Salon da suka fi yi: wani ya ce daga asibitin dabbobi ko ƙungiyar ceto yake, an kawo kyanwarki mota ta buge ta, sai kin biya kuɗin tiyata yanzu ta waya ko ta mutu. Ki tambayi sunan asibitin, ki kashe, ki nemo lambarsu da kanki ki kira. Ki ɓoye alama ɗaya ta jikinta da ba ta fito a hoto ba, duk mai cewa tana hannunsa ya faɗe ta, ko ya turo sabon hoto. Kar ki rubuta cikakkiyar lambar cif a takardar cigiya, kar ki faɗi adadin tukuici, kar ki tura kuɗi kafin ki gan ta, kar kuma ki je karɓa ke kaɗai. In kin tabbatar wani ya ɗauke ta da gangan, nan 'yan sanda suke shigowa a lamba 101. Tun Agustan 2024 akwai dokar sace dabbar gida a Ingila, hukuncinta na kaiwa ɗaurin shekara biyar.

Na biyu, ga masu karantawa da ke da kare, lissafinku daban ne kuma agogo na gudu. Tun 2008 'yan sanda suka daina karɓar ɓatattun karnuka, aikin ya koma hannun ƙananan hukumomi. Dokar kare muhalli ta 1990 ta ba su kwana bakwai su riƙe. Bayan nan suna da ikon ba wani, ko miƙa wa gidan ajiya irin Birmingham Dogs Home, ko ma a kashe shi. Kafin a sake maka shi za ka biya fam 25 na doka, da kuɗin kwana da ciyarwa na kowace rana, wanda shi ne ke tara yawa. Ka kira jami'in karnuka na ƙaramar hukumarka da na maƙwabtanta a ranar farko, domin kare na iya tsallake iyaka cikin awa ɗaya, ka kuma sa shi a shafin cigiyar karnuka na DogLost. Cif ɗin kare wajibi ne tun Afrilun 2016, kafin ya cika mako takwas, kuma bai ɗauke wajabcin abin wuya mai suna da adireshin mai shi ba in ya fita waje.

Wanda ya taho da dabbarsa daga Najeriya ko Nijar shi ma ya kula. Cif ɗin da aka saka don takardun tafiya na'ura za ta karanta shi, amma ba ya cikin kowane kundi na nan sai ka shigar da shi da kanka.

Dakta Hadiza

Maman Khalil, ki shirya wa ranar dawowarta tun yanzu, in sha Allahu. Ki sa ta a ɗaki ɗaya mai ɗumi, yara su ƙyale ta har ta fito da kanta. Ruwa a gabanta kullum. Abinci kuwa kar ki cika kwano don tausayi, cokali ɗaya ko biyu na mai laushi duk bayan awa uku zuwa huɗu a ranar farko, cikin da ya daɗe a wofi ba ya ɗaukar lodi. Ki kai ta asibiti cikin awa 24 ko da ta yi kama da lafiya lau. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ci, musamman mai jiki, kitse na iya taruwa a hantarta, alamarsa ƙin abinci da rawaya a dasashi ko cikin kunne. In kin ga tana tangaɗi kamar mai maye, ko amai, ko numfashi da baki a buɗe, wannan na gaggawa ne a daren, domin ruwan hana daskarewar injin mota da ke zuba a gareji lokacin sanyi yana lalata musu ƙoda cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ko ta dawo tana ɗingishi, kar ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

A asibitin ki ce a karanta cif ɗin a gabanki, ki gwada lambar da wadda ke rajista alƙalami bayan alƙalami, sannan ki kira kamfanin a cire alamar ɓata, ki ƙara lambar maigida a matsayin waya ta biyu.

Yau da dare ki koma lambuna huɗun nan, ki ƙara da na layin baya.